Amsa kan asalin ranar masoya

'Yata, kin tambaye ni ko ranar masoya ta 14 ga Fabrairu bikin Kiristoci ce, ko kuwa dabarar 'yan kasuwa ce kawai. Sunan Valentine da ake kiran ta da shi, da ranar kanta, dai daga coci suka fito, amma soyayyar da kyaututtukan daga baya aka ɗora su.

Valentine mutum ne da aka kashe a daular Rum saboda addininsa na Kirista, a ƙarni na uku. Tsofaffin littattafan coci ma mutum biyu suka ambata masu wannan suna: wani limamin coci a birnin Rum, da wani bishop na garin Terni a Italiya. An ce dukansu ranar 14 ga Fabrairu aka kashe su, aka binne su a gefen hanyar Flaminia, shi ya sa wasu masana ke ganin mutum ɗaya ne labarinsa ya rabu biyu. To, abin da coci ta ware ranar don shi ke nan, tunawa da wanda ya yi shahada. Babu zancen saurayi da budurwa ko kaɗan. Labarin da ake yaɗawa cewa yana ɗaura wa sojoji aure a ɓoye, ko ya rubuta wa 'yar mai gadin kurkuku wasiƙa, ƙari ne da ya shigo bayan ɗaruruwan shekaru. Haka masu cewa an maye gurbin bikin maguzawan Rum na Lupercalia ne da ita. An yi wannan biki a 15 ga Fabrairu, gaskiya ne, amma kusancin rana bai isa hujja ba.

Soyayya sai bayan shekara dubu da ɗoriya ta shigo, ta bakin mawaƙa. Wajen 1380 mawaƙin Ingila Chaucer ya yi waƙa yana cewa a ranar Valentine tsuntsaye ke zaɓen abokan zama. Masu sarauta a Ingila da Faransa suka ɗauka, suka riƙa aika wa juna baitoci.

Inda kuɗi ya shigo kuwa, gidan waya ne. Kafin 1840 a Ingila yawanci wanda aka aika wa wasiƙa shi ke biya. Da aka fito da kan sarki na kwabo ɗaya wanda mai aikawa ke biya, sai aika kati ya yi arha, har mutum ya iya aikawa ba tare da sa sunansa ba. A Amurka wata mata, Esther Howland, ta jera mata a teburi ɗaya, wannan ta yanka takarda, waccan ta manna ado, ana ta fitar da katuna. Kamfanin Cadbury ya biyo baya da akwatin cakulan mai siffar zuciya. Yau jan furen da ake rububinsa a Turai, da yawansa daga gonakin bakin tafkin Naivasha na Kenya yake fitowa: a yanke shi tun bai buɗe ba, a sa a ɗakin sanyi, a loda a jirgi. Sanyin ya yanke a hanya, furen ya yi yaushi, an yi asara.

Ita cocin Katolika tun 1969 ta cire Valentine daga babbar kalandarta, saboda ƙarancin abin da aka tabbatar game da shi, ko da yake bai fita daga jerin waliyyanta ba. Wadda ta shiga cocin Katolika ranar 14 ga Fabrairu, galibi sunan wasu waliyyai biyu, Cyril da Methodius, za ta ji ana ambata a addu'a.