An sallama gida, yaushe kuɗi za su shigo hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida, mu bakwai. An yi tayi, yayanmu ya sallama, mai saye ya ba da kafin alƙalami. Yau wata biyu ke nan shiru, dillali kullum sai "gobe in sha Allahu". Ni kuwa kasona nake jira in biya wa ɗana kuɗin makaranta. Wai cinikin gida tsawon wane lokaci yake ɗauka? Daga wata mai karatu, Kurna, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku. Wata biyu bai kai abin tayar da hankali ba, amma ya isa ki fara tambayar inda maganar ta maƙale.

A abin da na gani, gidan mutum ɗaya mai cikakkiyar takarda, mai saye kuma da kuɗinsa a hannu, ana gamawa cikin mako biyu zuwa huɗu. A kira maƙwabta da mai unguwa su shaida iyaka, lauya ya rubuta yarjejeniya, a tura kuɗi, a miƙa makulli. Naku kuwa gidan gado ne, kuma nan ake shan jira.

Ni ma na sha. Lokacin da muka sayar da gidan mahaifinmu, an sallama ana saura kwana goma azumi, kuɗi ba su shigo ba sai bayan babbar sallah. Ƙanwarmu tana aure a Fatakwal, ba wanda ya tuna da sa hannunta sai da lauyan mai saye ya baje takardu a kan tabarma a zaure, ya ɗaga tabarau ya ce, "Magada shida aka rubuta, sa hannu biyar nake gani." Dillalin da ya cika mu da surutu tun safe ya koma duba wayarsa. Ban ga laifin lauyan ba. Wa zai zuba miliyoyi a gidan da gobe wata za ta tashi ta ce ba da yawunta aka sayar ba? Don haka ki fara da wannan: an raba gadon a gaban alƙali ko malamai, an rubuta? Ku bakwai ɗin duk kun sa hannu cewa yayanku ne wakili? Sallamarsa shi kaɗai ba ta ɗaure kason sauranku ba.

Sai takardar gidan. In akwai shaidar mallaka ta gwamnati, wadda ake kira C of O, mai saye zai tura a bincika a ofishin filaye ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai shari'a a kansa. Bayan haka Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 22, ta ce ba a sauya mallakar irin wannan gida sai da amincewar gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta ƙarfafa hakan a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Neman amincewar yana cin watanni. Da yawa sukan biya kuɗin su bi takardar daga baya, amma wanda banki zai ba bashi, ko mai tsananin taka-tsantsan, sai ya riƙe wani kaso har ta fito.

In da ɗan haya a ciki, ki ƙara lissafi. Mai biyan shekara-shekara, a yawancin jihohi notis ɗin wata shida ake ba shi, sai fa in yarjejeniyarsu ta faɗi wani abu daban.

Akwai kuma abin da dillali ba zai gaya miki ba, domin la'adarsa yake tsaro: wataƙila mai sayen kuɗinsa ba su cika ba, yana jiran ya sayar da wani fili ne. Kafin alƙalamin ya ajiye don kada a sayar wa wani.

Ki ce wa yayanki ya daina bi ta bakin dillali, ya zauna da mai sayen ido da ido. A rubuta ranar cika kuɗi, misali nan da kwana 30, a kuma rubuta makomar kafin alƙalamin in ranar ta wuce, shaidu biyu su sa hannu. Kuɗin makarantar yaro kuwa, kada ki ɗora shi a kan kuɗin gidan a wannan zangon. Ki nemi rance a wajen 'yan'uwa, ki ce a cire daga kasonki ranar rabo.