Maganin ya shiga ne, ko ya ratsa?

Wata ɗalibar harhaɗa magunguna ta rubuto. Za ta yi bayani a rediyo kan ƙwayoyin nano, wato ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya iya gani, waɗanda ake ɗura wa maganin ciwon daji su kai shi cikin ƙari. Tana tambaya ko ƙari da kumburi ɗaya ne, ko "zuwa da kai ya fi saƙo" ta dace da shirin, da kuma wanne za ta ce, shiga ko ratsa.

Malama, kumburi yana tashi ya sace. Ƙari tsiro ne da yake zama, kuma ba kowane ƙari ne daji ba.

Karin maganar kuwa, ki ajiye ta. Asalinta, mai bukata shi ya fi ɗan aike sanin zafinta. A nan aiken ya fi: maganin ciwon daji mai suna doxorubicin idan ya bi jini tsirara yana taɓa zuciya, shi ya sa aka naɗe shi cikin ƙwayar kitse mai faɗin nanomita kusan 100 (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya), wato Doxil, da Amurka ta amince da shi a 1995.

Tambayar ƙarshe ta fi nama. Shiga tsallake bakin ƙofa ne kawai. Ratsa sai abu ya bi ko'ina har tsakiya, kamar yadda uwargida ke barin gishiri ya ratsa nama kafin ta ɗora. Tun 1986 masu bincike Matsumura da Maeda suka nuna a Japan cewa jijiyoyin jinin ƙari na yoyo, ƙwayoyin na fita ta nan. Sun shiga ke nan. Amma nazarin da aka yi a Toronto a 2016 ya gano cewa, a gwajin dabbobi, kashi 0.7 cikin 100 na allurar ne ke isa ƙarin. Wannan ɗan ma yakan maƙale gefen jijiya, domin zaren kolajin, wato zaren da ke riƙe naman jiki, ya cushe ƙarin, ruwan cikinsa kuma na turowa waje.

Saboda haka masu bincike ke ƙera ƙwayar da za ta iso tana nanomita 100, sannan ta farfashe zuwa 10. Wasu na gwada losartan, maganin hawan jini, don ya sassauta zaren. Duk wannan neman ratsawa ne, ita za ki faɗa. Kada ki ce "kutsa", domin tana nuna ƙarfi da turereniya, su kuwa ƙwayoyin nan silalewa suke yi a hankali.