Amsa ga mai tambaya kan injin yankan icce: kada ka fara da bedin nan

Salamu alaikum jama'ar gida. Na ga tambayar ƙanenmu da ya ce ya sayo injin yankan icce na hannu, wato wanda aka taɓa aiki da shi, na China, yana son ya san yawan man da ake zubawa cikin isansi, wato fetur, kuma wai injin yana mutuwa in ya yi zahi, sannan yana son ya kada wani babban bedi da ya jingino bisa katangar gidansu a Zariya kahin damina ta sauka. Na ga amsoshi da yawa, wasu daidai wasu kuma Allah dai ya kyauta. Ni na daɗe cikin wanga aiki, kuma akwai tabo a kahwaɗata ta hagu da ke tuna mini kullum, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta da tsawo, a yi haƙuri.

Ƙanena, maganar mai tukuna tunda ita ce mai sauƙi. Injin nan ba kamar moton da ka saba ba ne mai wurin baƙin mai daban, shi man da ke shafe fistan cikin isansin yake tahiya, in ka zuba mishi isansi zalla minti kaɗan ya ishe shi ya ƙone. Manyan injina irin Stihl na Jamus da Husqvarna na Suwidin, in da man 2T mai kyau ne, wato man da aka yi don haɗawa da isansi, kashi 50 na isansi kashi 1 na mai, wato mililita 20 cikin lita guda, bidon lita 5 kuma mililita 100. Na China da yawa 25 da 1 suke rubutawa, mililita 40 kenan a lita, duba bisa marfin tanki ko jikin injin sau da yawa yana nan rubuce. Kuma don Allah ka sayi sirinji a kantin magani ka riƙa aunawa, wanda ya ce maka marfin kwalba biyu ai bai san girman marfin da ke hannunka ba. Ka haɗa cikin bido ka girgiza, ba cikin tankin injin ba, kuma kada ka haɗa abin da zai wuce wata guda yana ajiye. In ruwa-ruwa ka saya bakin hanya, tace shi da ƙyalle mai tsabta, yashi da ruwa ba su da wuya a kwalaben nan.

Akwai tanki na biyu na man sarƙa, shi daban ne. Nan ne mutanenmu ke zuba baƙin man da aka juye daga mota don arha, ni ma na yi a da, sai da ya toshe mini famfon mai sarƙa ta yi shuɗi don zahi. Yadda za ka gane yana fesa mai, ka riƙe bakin injin saman wani kututture ba tare da ya taɓa ba ka ba shi wuta, za ka ga layin mai siriri ya hito.

Mutuwar da yake yi in ya yi zahi, kahin ka kai ma mai gyara ya kwance maka kafireto, buɗe matatar iska. Da hunturu a nan Maradi ni kullum da marece nake wanke tawa, ƙura da garin icce suna haɗuwa su yi kamar tuwo. Sai ka cire buji, wato fulogi, ka duba, in baƙi ƙirin ne kuma jiƙe, mai ya yi yawa ko iska ba ta shiga, tazarar bakinsa kusan rabin milimita ce. Sai ka goge tsakanin haƙarƙarin silinda inda iska ke bi ta sanyaya shi. In duk ka yi bai daina ba, in ya mutu ka buɗe marfin tanki a hankali, in ka ji ya ja iska fuuu kuma ya tashi bayan nan to ramin numfashin tanki ne ya toshe. In kuma babu wuta a buji sai ya huce, kwayil ne, mai ba buji wuta. Sukurorin nan na kafireto masu L da H kada ka taɓa su da ka, in ka matse H injin zai yi kuka mai daɗi kamar sabo, alhali yunwar mai yake ji, fistan ke nan ya tahi.

To yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Kada ka fara da bedin nan. Wallahi kada ka fara da shi.

Ranar da na samu tabona reshen bedi ne ma da ya riga ya faɗi ƙasa, a wata gona wajen Madarunfa, aiki ya kusa ƙarewa rana ta take, na gaji, sarƙa ta dakushe na ƙi tsayawa in wasa ta don saura kaɗan. Ina dannawa da ƙarfi sai ƙarshen takobin, ni haka nake ce ma ƙarfen da sarƙa ke zagayawa, ya taɓa wani reshe da ke ɓoye bayan wanda nake yanka. Ban ga komi ba, na dai ji injin ya yi tsalle ya taso mini fuska, na kauce ya sauka a kahwaɗa. Abin da ya cece ni hannuna na hagu ya bugi birkin sarƙa, wannan robar da ke tsaye gaban mariƙi, sarƙa ta tsaya amma duk da haka sai da aka yi mini ɗinki. Yaron da ke taya ni ya ce ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Sarƙar nan tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa guda, babu saurin hannun da zai riga ta.

Wurin haɗarin shi ne rabin sama na zagayen bakin takobi, nan in ya taɓa abu injin baya yake dawowa. Don haka ka yanka da cikin takobi kusa da jikin injin, hannu biyu kullum, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙi ta ƙasa, ka tsaya gehe kaɗan kada kanka ya zama layi ɗaya da sarƙa, kuma kada ka ɗaga shi sama da kahwaɗa. Tunda na hannu ka saya gwada birkin yau, da yawa ana sayar da su birki ya mutu ko an cire shi ɗungum. In injin yana aiki shiru ba ka taɓa wuta ba amma sarƙa tana tahiya, shi ma gyara ne kahin aiki. Tayarwa kuma a ƙasa ake yi, ƙafar dama cikin mariƙin baya, birki a kulle, ka matsa kamar mita 3 daga inda ka zuba isansi. Masu riƙe shi a iska su hizgi igiya suna burga ne kawai.

Wasa sarƙa shi ne rabin sana'ar. Mai kaihi tana hidda ɓarɓashi manya kamar na sassaƙa kuma da kanta take shiga icce, in ka ga gari kamar na gero ko hayaƙi ko yanka yana karkacewa, tsaya. Iccenmu na nan iska ta cusa mishi yashi cikin ɓawo, in kuma ka bari sarƙa ta shahi ƙasa sau ɗaya to an gama. Magagari zagayayye ake sa mata, ya danganta da sarƙar, akwai milimita 4, da 4.8, da 5.2 ko 5.5, ka tahi da sarƙar wurin mai kaya a gwada. Kana turawa gaba kawai daga ciki zuwa waje, a karkace digiri 30, kowane haƙori adadi ɗaya. Ni duk cika tanki sai na ɗan bi ta sau biyu uku. Ɗaurinta kuma kada ta yi lilo ƙarƙashin takobi amma ta jawu da hannu, da safar hannu fa, injin a kashe. In ka ƙara matse ta tana da zahi, sassauta bayan aiki don in ta huce tsukewa take. Takobin ma ka riƙa juya shi sama ya koma ƙasa.

Sutura, na san wandon kariya na musamman yana da wuyar samu nan da tsada, amma takalmi rufaffe mai ƙarfi, hular kwano, tabarau da abin toshe kunne ba su fi ƙarfinka ba. Ban da silifa, ban da babbar riga ko rawani mai jela. Kunnena na dama har yau yana ƙara da dare.

Shi kuwa bedin da ya jingina bisa katanga nauyinsa ya riga ya zaɓi inda zai faɗi, ba a kada irinsa daga gindi, rassa ake saukewa ɗaya-ɗaya da igiya, kuma aikin wanda ya saba hawa ne. In akwai wayar lantarki kusa ma sai an yi magana da kamfanin wuta. Kira gwani ka biya shi, ka tsaya ka kalla, in rassa sun sauka ka ce ya bar maka ka koyi gunduwa a ƙasa, shi yana tsaye kanka. Wata biyu uku kana haka sannan ka gwada ƙaramin icce a fili, ka yanke baki ta gehen da kake son ya faɗi, ka zo ta baya ka bar ɗan tsakiya ba ka raba ba don shi ke riƙe shi kamar ƙyauren ƙofa, ka share hanyar gudu ta baya a karkace, yara kuma su yi nisa tsawon iccen sau biyu da rabi, ka san yaran unguwa da jin kukan inji. Ka duba sama ko akwai zuma.

Kuma tunda ka ce kana son ka maida shi sana'a, je wurin ma'aikatan gandun daji ka nemi takarda tukuna, ko iccen cikin gari ne. Gawo dai kada wani mai gona ya ruɗe ka da jika biyar ka sa mishi inji, a nan Nijar icce ne da doka ta kare, tarar kanka za ta faɗa har injin su ɗauke. In ka buɗe matatar iskar da bujin ka ɗauko hoto ka turo nan mu gani, sai in ce maka ko na zuwa wurin mai gyara ne.