Kan kunyar ɗan fari da kika tambaye ni

'Yata, saƙonki ya iso, kuma na ji daɗi da kika kawo tambayar nan gida. Kin ce a darasin ilimin halayyar ɗan Adam an koya muku cewa jariri yana buƙatar shaƙuwa da uwarsa, sai kika tuna Innarku ba ta taɓa kiran sunan Yayanku ba, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kike tambaya ko al'adar nan ta cuce shi.

Ni ma na taɓa wannan karatu a kwalejin horar da malamai. Tun da masani Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa na ilimin halayyar ɗan Adam a Leipzig ta Jamus a 1879, fannin ya yi rassa: wasu suna bin yadda ake tunani da tuna abu, wasu suna kula da masu damuwa da taɓin hankali. Tambayarki ta faɗa tsakanin wasu rassa biyu, masu nazarin girman yaro da masu nazarin yadda jama'a ke juya halin mutum, domin kunya ba a ɗaki ake yinta ba, a gaban idon mutane ake yinta.

Maganar shaƙuwar daga John Bowlby na Ingila ta fito, wanda ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 kan yaran da suka rasa gida bayan yaƙin duniya na biyu. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta je Uganda a 1954, ta riƙa shiga gidaje 26 kusa da Kampala tana kallon iyaye mata da jariransu. Abin da ta lura da shi kowace tsohuwa ta san shi: yaro mai rarrafe yana nisa ne gwargwadon yadda ya tabbata akwai cinyar da zai komo, kuma wajen wata bakwai zuwa takwas yake fara ƙiwa. Ma'aunin masanan nan biyu shi ne, in ya yi kuka, akwai mai zuwa?

To, Yayanku yana da mai zuwa. Goyon ciki aka je da shi, a hannun kakarku aka haife shi, ita ta goya shi Innarku tana wankan jego. Da aka yaye shi ni na ɗauke shi, ya shekara uku a ɗakina. Ita kuwa Innarku, daren da ƙyanda ta kama shi, na gan ta a bayan ƙofa tana kuka ba sauti, hannunta a ƙafarsa har asuba. Bakinta ne ya ƙi sunan. Al'adar ta hana uwa nuna so a fili ne don girmama surukai da iyayenta, amma ta tanadi kaka da gwaggo su yi abin da ta hana.

Sai dai ba zan rufe miki ba, akwai inda nake jin tsoro. Yanzu yarinya tana gidan haya a birni, daga ita sai jariri, miji ya fita tun safe. In ta ce za ta yi kunyar ɗan fari kamar ta da, wa zai kira sunansa, wa zai yi masa tawai? An ɗauko hanin, an baro kakar a ƙauye. Na koyar da irin waɗannan yara, na ga wanda ko an yabe shi sai ya sunkuyar da kai kamar ya yi laifi. Don haka da 'yar ɗakina ta haihu a Kaduna na ce ta sa masa laƙabi in sunan ya yi mata nauyi, amma ta rungume shi, ta yi masa hira.

Kada ki tunkari Innarku da wannan magana, za ki sa ta jin nauyi. Yayanku za ki tambaya, in kun keɓe, wa yake gudu wurinta in an doke shi yana yaro. In kin zo hutu ki taho mini da littafin naku, ina son ganin abin da aka ƙara bayanmu. Ki gaida abokan karatunki.

Gwaggonki.