Amsa: Madarar saniya mai kumburin hantsa

Ɗan'uwa, ka ce saniyarka a Daura hantsarta ta kumbura, madarar na fita da gudaji-gudaji, kana tambaya ko in an tafasa za a iya sha ko a kai kasuwa. A'a, zubar da ita. Kada a yi kindirmo da ita, kada a haɗa ta da ta sauran shanu a ƙwarya ɗaya.

Cikin ƙwayoyin cutar da ke kawo wannan ciwo akwai Staphylococcus aureus. Idan madara ta jima a cikin zafi irin namu, ƙwayar na hayayyafa ta saki guba. Tafasawa tana kashe ƙwayar, amma gubar ba ta jin wuta, wanda ya sha sai amai da murɗawar ciki su taso masa cikin 'yan sa'o'i, yara kuma sun fi galabaita. Ni da ya kama tawa, hantsar har zafi take a hannu, saniyar na harbi in an taɓa. Na kira likitan dabbobi, na riƙa tatsarta a ƙarshe, ina wanke hannu da sabulu. Bayan allura ma ban sayar ba sai da kwanakin da likita ya ɗiba suka cika.