Shin sauyin yanayi ne ya shafe mutanen da?

Ka tambaya ko abin da ake tonowa a tsofaffin kufai ya nuna cewa sauyin yanayi kan shafe al'umma. Galibi a'a, tashinsu yake yi, ko ya canja musu abinci. Dubi Gobero, cikin hamadar Tenere a Nijar, da aka gano a 2000: kaburbura kusan 200 a bakin tsohon tafki, ga ƙasusuwan manyan kifaye, ga masun kamun kifi na ƙashi. Da tafkin ya ƙafe, wajen shekara 8,000 da suka wuce, mutane suka watse. Bayan kimanin shekara 1,000 ruwa ya dawo, wasu suka zo suka zauna.

Sai dai a iya karatuna, yanayi ba ya cin mutane shi kaɗai. Turawan Norse, mutanen arewacin Turai, sun sauka tsibirin Girinland wajen shekarar 985 da shanu da tumaki. Da sanyi ya ƙaru, ƙasusuwansu sun nuna sun koma cin naman dabbobin teku sosai, ka ga ba taurin kai ne ya kashe su ba. Cinikinsu na hauren walrus, wata ƙatuwar dabbar teku, ya ja baya, jirage daga Norway suka daina zuwa, zamansu ya ƙare a ƙarni na 15, alhali Inuit, wata al'ummar da ita ma ta zauna a tsibirin, na nan har yau.