Zuwa bikin Imilshil a duwatsun Maroko

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Daura nake. Ni da abokaina muna son zuwa bikin Imilshil na Maroko, wanda ake cewa har matar aure ake zaɓa a kasuwa, mu kuma ɗan taka duwatsu. Gaskiya ne? Me za mu tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zancen zaɓen mata a kasuwa an zuba masa gishiri. Imilshil ƙauye ne a lardin Midelt, can saman duwatsun Atlas, inda ƙabilar Ait Hadidu masu yaren Tamazigit suke zaune. Duk watan Satumba sukan taru kusa da hubbaren wani waliyyi, Sidi Ahmad Ulmagani, a yi ziyara, a ci kasuwa. Tumaki ne da alfadarai da ulu da hatsi, kowa na haɗa abin da zai riƙe gidansa kafin dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi. Ana sa hannu a takardun aure a wurin, amma da sanin iyaye. Za ku ga matan cikin mayafan ulu masu ratsi-ratsi. Don Allah kada ku ɗaga waya ku ɗauke su hoto sai kun nemi izini.

Abin da ya fi damuna da ku sanyi ne. Imilshil ya haura mita 2,000 daga saman teku, Daura kuwa ba ta kai 600 ba. Da rana za ku ji daɗi, amma rana na faɗuwa sanyin ya wuce na tsakiyar hunturunmu, ruwan alwalar asuba kamar ya tsaga fata. Ku tafi da rigar sanyi mai kauri da safa da hula. Iskar can ba ta da kauri, shi ya sa baƙo kan yi haki da ciwon kai. Ku huta kwana ɗaya ko biyu, ku sha ruwa sosai, sannan ku fara da tafkin Tislit da ke kusa da gari. Tafkin Isli ya fi nisa, a nan sai ku ɗauki ɗan jagora mai alfadari ya ɗaukar muku kaya. Sabon takalmi kuma a'a, ku sa wanda ƙafa ta saba da shi.

Sai kun nemi biza. Daga Kasablanka ana bi ta Beni Mellal, hanya mai kwana-kwana, kada ku bi ta da dare. Ranar bikin tana canzawa, ku tabbatar da ita kafin ku yanki tikiti, ku kama masauki da wuri, ku riƙe dirhami, kuɗin Maroko, a hannu. Salla ba matsala, su ma Malikiyya ne kamarmu.